Taskar Umaru Falke a Jami'ar Northwestern: Tarihin Littattafan Wani Malamin Kano da Suka Ƙetare Teku

A garin Evanston, wanda yake bakin tafkin Mishigan, arewa kaɗan da birnin Shikago a ƙasar Amurka, akwai wata jami'a da ake kira Northwestern. A cikin babban ɗakin karatunta an keɓe sashe guda domin abin da ya shafi Afirka kaɗai. An kafa sashen a shekarar 1954, daga baya aka sa masa sunan Melville Herskovits, masanin al'adun al'umma wanda ya buɗe fannin nazarin Afirka a jami'ar a 1948, ya rasu a 1963. Wanda ya daɗe yana riƙon wurin shi ne Hans Panofsky, daga 1959 har 1991, kuma a hannunsa ne sashen ya bunƙasa har ya shiga sahun manyan ma'ajiyun littattafan Afirka na duniya.

Abubuwan da aka tara a wurin suna da yawa. Akwai tsofaffin taswirorin Afirka tun na ƙarni na 16, da jaridu, da takardun talla na siyasa da na kiwon lafiya waɗanda ake mannawa a bango, da littattafai cikin harsunan Afirka masu yawa, da kuma tarin hotuna na Winterton, sama da 7,000, waɗanda aka ɗauka a gabashin Afirka tsakanin 1860 da 1960. Amma abin da ya fi shafar mai nazarin Hausa shi ne ɗakin da aka ajiye rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga yammacin Afirka, wajen guda 5,000, waɗanda aka kasa kashi 4 bisa ga hanyar da kowane kashi ya biyo ya iso. Mafi girma daga cikinsu shi ne taskar Umaru Falke, mai ɗauke da abubuwa 3,323.

Mai taskar da zamaninsa

An haifi Umaru Falke a 1893, watau shekarar da basasar Kano ta tashi. Yana ɗan shekara 10 Turawan Ingila suka ci birnin a 1903, yana saurayi hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, ya rasu a 1962, shekara 2 bayan Nijeriya ta sami mulkin kai. Laƙabinsa ma ya faɗi sana'arsa, domin falke ko farke shi ne tilon fatake. Ɗan kasuwa ne mai tafiya garuruwa masu nisa, malami ne kuma mai almajirai, mai wallafa, yana cikin malaman Tijjaniyya na Kano waɗanda suka bi Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Haɗa fatauci da malanta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ayarin da ya ɗauko goro ko kanwa shi ne yake ɗauko takarda da littafi, kuma zangon fatake sau da yawa yakan zama makaranta bayan sallar lisha.

Zamanin da ya rayu a cikinsa shi ne zamanin da boko ya kafu a ƙasar Kano. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da haruffan Rumawa a 1912. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sa'an nan aka shiga yaƙi da jahilci a shekarun 1950. Duk wannan tarihi an rubuta shi, an maimaita, har mai karatu yakan ɗauka cewa alƙalamin kara ya ajiye aiki tun ranar da aka buɗe makarantar Nasarawa. Taskar Falke shaida ce cewa ba haka abin ya kasance ba. A cikin waɗannan shekaru ɗin dai, a cikin birnin dai, mutum guda wanda ba sarki ba, ba alƙali ba, ya tara takardu fiye da 3,000, mafi yawansu rubutun hannu na ƙarni na 19 da farkon na 20.

Abin da ya bambanta ta da sauran taskoki

Darajar wannan taska ba ta tsaya a kan wani littafi guda da babu irinsa ba. Darajarta ita ce ta iso a dunƙule, kamar yadda mai ita ya bar ta. Wanda ya san yadda littattafan malamai suke ƙarewa zai gane cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gara tana ci, ɗigar ruwan damina tana ɓatawa, gobara tana cinyewa, amma abin da ya fi watsa taskar malami shi ne rabon gado. Littattafai dukiya ne, ana raba su kamar yadda ake raba sauran dukiya. Wannan ɗa ya ɗauki Risala, wancan ya ɗauki tafsiri, almajiri ya ari wani bai mayar ba, ƙananan takardun da ba su da bango kuwa a zuba su a buhu a jefa bayan ɗaki. Bayan shekara 20 babu mai iya cewa ga abin da malam ya karanta.

Yawancin taskokin da jami'o'i da hukumomi suka tara kuwa tsinto su aka yi. Mai bincike yakan shiga gari ya tambayi littattafan tarihi, ko wallafar Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, a fito masa da su, ya ɗauki hoto ko ya saya, ya bar sauran. Irin wannan taro yana nuna abin da mai binciken yake nema, ba abin da mutanen garin suke karantawa ba. Misalin taska ɗaya da ta tsira a dunƙule, wadda aka fi sani, ita ce ta gidan Alhaji Umaru Tal a Segu, wadda Archinard ya kwashe a 1890 bayan cin garin, aka kai ta babban ɗakin littattafan ƙasa a Faris, aka buga cikakken lissafinta a 1985. Amma waccan taskar gidan sarauta ce, kuma ganimar yaƙi. Ta Falke ta talaka mai hali ce, ta bar Kano cikin zaman lafiya bayan rasuwarsa, kuma kafin 1975 ta riga ta isa Evanston har an fara nazari a kanta.

Abin da ke cikinta ya ratsa fannonin ilimin zaure kusan duka: fiƙihun Malikiyya, tauhidi, nahawu, lugga, adabi, madahu, da tasawwufi wanda yake da kaso babba. Akwai Alƙur'anai rubutun hannu, akwai wallafar shugabannin jihadi, akwai ta Falke kansa. Sa'an nan akwai wani kaso mai kauri wanda masu tsinto ba su cika ɗauka ba, watau takardun asirai da na magani: laƙani, hatimi, addu'o'in tsari, da bayanin itatuwa. Wasu masana na farko sun raina irin waɗannan takardu, suna ganin ba ilimi ba ne. Ga mai nazarin harshe kuwa suna da amfani ƙwarai, domin a nan ne ake samun Hausar da ba waƙa ba. Malami yakan rubuta addu'a da Larabci, amma in ya zo faɗin sunan saiwa ko ganye, ko yadda za a jiƙa a sha, sai ya koma harshen da ya san sunan abin a cikinsa. Haka nan a gefen shafukan littattafan karatu ana samun kalmar Hausa an rataya ta a kan ta Larabci mai wuya, abin da almajiri ya ji daga bakin malaminsa ya rubuta don kada ya manta. Irin wannan ratayen ƙaramin ƙamus ne wanda ba wanda ya yi nufin wallafa shi.

Takarda da tawada da haruffa

Jikin takardun ma yana ba da labari. Littafin rubutun hannu na ƙasar Hausa ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a sa a gafaka. Babu lambar shafi. Abin da ke tsare jeri shi ne kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafin da ke biye. Wannan tsari yana da hikima a makaranta, domin malami yana iya raba littafi guda ga almajirai da yawa a lokaci ɗaya, amma yana da wahala ga mai ajiya, don warƙa ɗaya in ta zame ta shiga wani littafi, sai wanda ya san matanin ne zai mayar da ita gidanta.

In aka ɗaga takardar ƙarni na 19 aka duba ta a haske, sau da yawa akan ga alamar jinjirin wata 3 a cikinta. Wannan takarda ce ta arewacin Italiya, da yawa daga masana'antar gidan Galvani, wadda ake kawowa ta Masar da Tarabulus ta ratso hamada. Bayan zuwan jirgin ƙasa sai takardar Ingila ta shigo ta bakin teku, har da mai layi irin ta ofis. Saboda haka ko da marubuci bai sa shekara ba, takardar kan taimaka a kusanto zamanin da aka yi rubutun.

Ga masu tsara rubutun Hausa, sashen ajami ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Marubutan ajami sun tarar da matsalolin da masu boko suka tarar, suka warware su ta hanyarsu. Sun ɗauki ƙaf na Larabci don sautin ƙ, suka bar kaf don k. Sun ɗauki harafin ɗa don sautin ɗ, wasu suka ƙara masa ɗigo 3 don ts. Sun ba harafin sa mai ɗigo 3 aikin c. Wasalin e kuwa sun samo shi daga ɗigon imala na ƙira'ar Warshu, wanda ake sawa a ƙarƙashin harafi, abin da kowane almajirin allo ya riga ya sani. Inda suka gaza shi ne rarrabe o da u, waɗanda yawanci rufu'a ɗaya ke wakilta, da kuma b da ɓ, waɗanda marubuta da yawa ba su bambanta ba. Karin sauti kuwa ba su nuna shi ba, kamar yadda boko ma ba ya nunawa.

Amma akwai abu guda da ajami ya riƙe wanda boko ya saki, shi ne tsawon wasali. Mai ajami yana rubuta dogon wasali da alif ko wawu ko ya, domin haka Larabci ya koya masa, kuma domin ma'aunin waƙa ba ya tsayuwa sai da shi. Waɗanda suka yi aikin yaƙi da jahilci a Nijar sun san nauyin wannan magana. Bayan taron Bamako na 1966 an riƙa ninka wasali don nuna tsawo a littattafai da jaridun karkara, har sunan jaridar Saabon Ra'ayii ya fito da shi, sa'an nan aka bar ninkin bayan taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980. An yi muhawara mai tsawo a kan ko manomi zai iya jin tsawon wasali har ya rubuta shi daidai. Waƙoƙin ajami na taska irin ta Falke hujja ce da ta kamata a ce an sa a gaba a lokacin, domin suna nuna inda marubutan da ba su taɓa shiga ajin ilimin harshe ba suka daidaita a kan tsawo, da inda suka saɓa, musamman a ƙarshen kalma.

Sauran kashi 3

Kashi na biyu shi ne na John Paden, wanda ya yi bincike a Kano a tsakiyar shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a kan addini da siyasar birnin a 1973. Abubuwa 606 ne, kuma kaso mai yawa daga cikinsu bugun kasuwa ne. Abin da ake nufi da bugun kasuwa shi ne littafin da gwanin rubutu ya rubuta da hannu, da irin rubutun da almajirai suka saba da shi, sa'an nan maɗaba'a ta ɗauki hotonsa ta buga da yawa a takarda mai araha, a sayar a kasuwar Kurmi da ƙofar masallatai. Dalilin wannan dabara a fili yake. Wanda ya yi karatun allo idonsa ya saba da rubutun Magariba, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga wasali cikakke. Bugun Alƙahira na haruffan ƙarfe yakan yi masa nauyi. Ƴan kasuwa sun gane haka, suka ba shi abin da zai iya karantawa a kuɗin da zai iya biya. Waɗannan ƴan littattafai su ne fatake suka riƙa ƙetarowa da su zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma da yake ba a ɗauke su abin ajiya ba, akan karanta su har su yage a yar. Shi ya sa wanda aka saya a kan ƴan kwabbai a 1965 yake iya zama abin da ya fi wuyar samu daga baya.

Kashi na uku na John Hunwick ne, wanda ya kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, ya koma Northwestern a 1981, ya rasu a 2015. Shi ne ya tsara juzu'i na 2 na babban lissafin marubutan Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, ya ƙunshi ƙasar Hausa da Barno. Na huɗu kuwa hotunan takardu ne daga tarin da Ivor Wilks da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Gana a shekarun 1960, tarin da ya ƙunshi waƙoƙin Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934.

Fihirisa da nuni

Taska ba ta amfani sai an san abin da ke cikinta. A 1975 Abdullahi Muhammad da Richard Hay suka buga wani nazari na taskar Falke wanda aka yi da taimakon kwamfuta, a zamanin da kwamfuta take cika ɗaki guda. A 1978 Abdullahi Muhammad ya kammala kundin digirinsa na uku a kan Falke da littattafansa. A 1980 Elias Saad ya yi bayanin tarin Paden. Daga baya aka shigar da bayanan cikin babbar fihirisar da Charles Stewart ya fara, wadda ta haɗa taskokin Muritaniya da Tambutu da Segu da Yamai da Kano da Ibadan, aka sa ta a intanet. Da wannan fihirisa ce Bruce Hall da Stewart suka fitar da nazarinsu a 2011, inda suka bi littattafan da ake samun kwafinsu da yawa a taskoki daban-daban, suka nuna cewa daga bakin tekun Atlantika har ƙasar Hausa manhajar karatu kusan ɗaya ce: Risala, Muhtasar, Ajurumiyya, Alfiyya, Ashafa, Ishiriniya, Dala'ilu da makamantansu. Ma'aunin nasu shi ne yawan maimaituwa, ba ƙarancin samuwa ba, kuma ma'auni irin wannan ba ya aiki sosai sai da taskar da ba a tsince ta ba.

Sai dai fihirisar Larabci ta fi ta ajami ƙarfi nesa ba kusa ba. Littafin Larabci yana da suna da mawallafi sananne, ana iya gwada shi da lissafin da aka riga aka yi. Waƙar Hausa kuwa sau da yawa ba ta da suna a samanta, basmala kawai ce da salati. Ma'ajiyar da kanta ta bayyana sashen waƙoƙin Hausa na taskar Falke a matsayin wanda ba a gama auna shi ba.

Ta fuskar nuni ga jama'a, babban abin da aka yi a harabar jami'ar shi ne wanda gidan kayan tarihi na Block ya shirya a 2019, daga Janairu zuwa Yuli, a kan ayarin zinariya da cinikin hamada na zamanin da. An nuna abubuwa sama da 250, da yawa aro ne daga Mali da Maroko da Nijeriya, har da kayan da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. Daga baya aka kai nunin Toronto da Washinton. Ya yi amfani wajen sanar da mutanen da ba su taɓa jin sunan Sijilmasa ko Tadmakka ba cewa hamada hanya ce, ba katanga ba. Amma nuni yana da iyakarsa. Abin da ake sawa a bayan gilashi shi ne mai kyaun gani, shafi guda a buɗe, mai ado da jan tawada da rawaya. Takardar laƙani mai maiƙon hannu, ko ƴar waƙar wa'azi ta bugun kasuwa, ba ta jan ido, alhali ita ce take faɗin yawan masu karatu da irin abin da suke karantawa.

Tsakanin Evanston da Yamai

Ana iya cewa an yi asara da taskar ta bar Kano, kuma maganar tana da ƙarfi: jikokin almajiran Falke ba su iya zuwa su buɗe ta sai da biza da kuɗin jirgi. Ana iya cewa kuma da ta zauna da wuya ta kai yau a haɗe. Duka biyun gaskiya ne, kuma ɗaukar hoto a sa a intanet yana rage nisan ne kawai ga wanda yake da wuta da layi mai ƙarfi.

Nijar tana da tata taskar. Bubu Hama, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya sa an tattaro rubuce-rubucen hannu daga sassan ƙasar da maƙwabta, aka fara ajiye su a majalisar, daga baya aka mayar da su cibiyar binciken ilimin al'umma wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Yamai. Sun kai wajen 4,000, na Larabci da na ajami, kuma mu'assasar Alfurƙan ta Landan ta buga fihirisarsu. Taron na Yamai ya fi na Falke faɗin ƙasa, domin ya taɓo garuruwa da harsuna da yawa, na Falke kuwa ya fi shi zurfi a wuri guda. Inda za su amfani juna shi ne wajen waƙoƙin Hausa. Waƙa ɗaya takan kasance a Evanston da hannun marubucin Kano, ta kasance a Yamai da hannun marubucin Gobir ko Adar, kuma bambancin da ke tsakanin kwafin biyu, inda wannan ya sa fa wancan ya sa ha, ko inda wannan ya rubuta yana wancan ya rubuta shina, shi ne tarihin karin harshe a rubuce.

Kafin a iya wannan gwaji sai an gane cewa waƙar ɗaya ce, kuma hakan yana buƙatar fihirisar da ta rubuta baitin farko bayan salati, da harafin amsa-amo, da adadin baitoci, da abin da ke cikin baitocin ƙarshe. A nan ne mawaƙi yakan ambaci sunansa da na mahaifinsa ko garinsa, a nan ne kuma yakan sa ramzi, watau kalmar da in aka haɗa lissafin haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira da aka gama waƙar. Lissafin haruffan kuma na Magariba ne, wanda ya saɓa da na Gabas a ƙimar wasu haruffa kamar sin da shin da sadi, har mai fihirisar da ya yi aiki da na Gabas yana iya kuskuren shekara da ɗaruruwa.